Gwangwani na Goma Sha Biyu

"Sake takawa," na ce mashi.

Bai ji ni ba, sai da na yi mashi nuni da ƙafa. Malam Sammani ya ɗora babban yatsanshi bisa gwangwanin da ke ƙasa, ya danna, sannan ya ja tsirkiya guda ta jitar da ke kan cinyarshi. Lasifika ta yi wani irin gurnani, ta tsittsinke, ta yi tari biyu, ta mutu. Ko ƙirga uku ban kai ba. Zauren ya koma shiru, ban da kwanon rufi da ke ƙas-ƙas saboda rana.

Ya zuba ma bakina ido, don a lokacin leɓen mutum yake kallo kafin ya gane abin da aka ce.

"Ya yi?"

"Bai yi ba, Malam."

Ya gyaɗa kai, ya zaro biro daga aljihu, ya yi rubutu jikin 'yar takardar da ya liƙa a gefen gwangwanin. Sannan ya sa bakin rigarshi ya ɗauke shi daga ƙasa, don ba ya taɓuwa da hannu. Wannan shi ne na tara.

Ni Gwadabe, randa da tulu da tukwanen ƙasa nike saidawa a Babbar Kasuwa, shekara talatin da 'yan kai. Sana'ata a kunne take. In aka sauke mani kaya, zobena nike ƙwanƙwasawa jikin kowace randa, wadda ta gasu ta amsa mani da murya mai tsawo, mai tsaga kuwa ko da ido bai gani ba ni na ji. Ban taɓa saida ma mutum mai tsaga in ce lafiyarta lau ba, kuma ina faɗin haka ko ba a tambaye ni ba. Matata ta ce wannan hali nawa ya fi ƙarfin gaskiya, ya koma jin kai. Ita ta sani.

Katanga ɗaya ta raba gidana da na Malam Sammani, a lungunmu na bayan Gobarau. Shekara ashirin muna maƙwabtaka, gaisuwa da biki da jana'iza, ban taɓa sanin yana da jita ba. Ashe tana can bisa kwaba, naɗe cikin tsohon zanen matarshi Furera. Sai da ya aje aiki daga ma'aikatar ruwa, a shekarar ƙarshe ta mulkin soja, ya sauko da ita. Shekara ashirin da shida ya yi a ɗakin injin turo ruwa, injin ya cinye mashi kunnuwa. Ƙara mai kauri yakan ji ta sama-sama, amma siririya, ko wutsiyar sauti in yana ƙarewa, wannan ta wuce shi.

Abin da yake haɗawa feda yake ce mashi, kamar ta keke, saboda da ƙafa ake takawa. Tsakanin jita da lasifika ake sa shi, ya kaurara muryar jitar, ya kuma hana ta saurin mutuwa. Ya ba ni labarin asalin abin sau ɗaya, bai ƙara ba. Wai yana saurayi a Kaduna yana kaɗa jita tare da wasu abokanshi, wani mutumin Ghana ya ara mashi irin wannan akwati na yini guda. Ya ja tsirkiya sau ɗaya ya ɗauke hannu, muryar ta ƙi mutuwa, har numfashinshi ya ƙare tana nan. Bayan wata ɗaya mahaifinshi ya aika ya dawo gida, an samar mashi aiki, ya dawo. Tun daga nan abin da aka ce ya yi shi yake yi, a gida da ofis.

"Wannan kaɗai ne ba wanda ya aike ni," in ji shi. "So nike in sani ko hannuna ya iya."

Gaskiya da farko hannun bai iya ba. Wani tsohon abokinshi ya aiko mashi da hoton takarda daga Jos, zane-zane kamar sawun kaji, a nan yake dubawa. Duk lokacin sanyi a koyon liƙin dalma ya ƙare. Ƙarfen liƙin a garwashi yake gasa shi, ya ƙona yatsu, ya ƙona tabarma biyu, ya taɓa huda ma Furera farantin roba. Gwangwanin kifi yake wankewa ya huda da ƙusa, makunnin kuwa na fitilar tsohuwar mota ne, irin wanda direba ke takawa. Ɗanliti mai gyaran rediyo a Ƙofar Durbi ya tara mashi tiransista na tsofaffin rediyoyi, 'yan ƙanana masu hular ƙarfe, ya ce ya kwashe don shi ba su da sauran amfani wurinshi. Gwangwani uku na farko ko tari ba su yi ba.

Na huɗu ya yi magana ana gama zaɓe, zafi ya fara shigowa. A nan ya gane yana da matsala. In ya ɗora tafin hannu jikin lasifika yana jin tana rawa, amma bai san ko abin da ke fita kiɗa ne ko kukan jaki ba. Ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce ni ne mai kunne a unguwar nan, kuma ni ne ba zan ji nauyinshi in yi mashi ƙarya ba. Ni da kiɗa ba mu haɗa hanya ba, ko a biki ina jin kalangu nike neman takalmina. Amma an yabi kunnena a gaban mutane, sai na ce to.

Haka muka tsara. Ina fita kasuwa da sassafe, ba na dawowa sai an sauko daga la'asar. Shi kuma aikinshi da safe yake yi, can cikin gida ƙarƙashin rumfa, gefen randar da ni na saida ma Furera. Ni ban taɓa ganin wurin ba. Gidan aure ne, shekara ashirin ban wuce zaure ba, shi ma bai taɓa wuce nawa ba, kuma ba wanda ya ga wani abu a ciki. Saboda haka da an yi azahar sai ya kwaso komi ya fito da shi, jita da lasifika da batirin mota da gwangwani, ya jera su bakin ƙofa ya zauna jirana. Zauren nan tun da azararshi ta rufta aka mayar da shi na kwano, ƙofarshi kuma yamma take kallo. Ina shiga nike cire hula in yi fifita da ita.

Kullum abu ɗaya ne. Ya taka, ya ja, in saurara, in ce bai yi ba. Wani lokaci yakan nemi in kwatanta mashi, sai in ce kamar ƙuda cikin kwalba, ko kamar an taka ma akuya wuya. Ya yi dariya, ya rubuta. Washegari ya narke dalmar ya wargaza komi, ya canza tiransista, ya canza wani ɗan abu mai zobba masu launi, ya buɗe sabon gwangwani. Gidansu sun ci kifin gwangwani a bazarar nan har Furera ta fara aiko ma matata da shi.

Unguwa ta yi magana, kamar yadda ta saba. Samari suka sa mashi Baba Jita. Wasu dattawa suka ce mutum da furfura ya kamata ya riƙe carbi, ba garayar Turawa ba, alhali a sahun gaba suke tarar da shi kowace salla. Masu shirin walimar cin zaɓe sun zo aron lasifika da batir, ya ce suna aiki. Ni ban kare shi ba, ban kuma zage shi ba. In aka tambaye ni sai in ce maƙwabcina ne, ya nemi aron kunne na ba shi.

Wajen gwangwani na goma na lura takalminshi ya daina shigarshi. Ƙafafun sun kumbura, in ya danna da yatsa wurin ya lotsa ya daɗe bai taso ba. Aka kai shi asibiti, suka ce zuciya ce, suka ba shi magani, suka ce ya huta. Hutun da ya yi shi ne ya daina ɗauko batir da kanshi, ɗiyarshi Ramla da ta zo jinya daga gidan mijinta ita ke fito mashi da kaya. Hannunshi ya fara rawa. Na sha ɗaya ya ɗauke shi kwana goma, na sha biyu sati uku, don sai ya kai ƙarfe kusa da waya hannun ya kauce, ya aje ya jira.

Ranar wata Alhamis, saura kwana biyu sojoji su miƙa mulki, na dawo kasuwa na tarar da Ramla tsaye a ƙofar gidana. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi kasuwa, ta tambayi gajiya, tana murza bakin mayafi.

"Baba Gwadabe, don Allah yau ka ce mashi ya yi. Ba ya iya haɗa wani."

Na ce mata in ya yi zan ce ya yi. Ta ce ko bai yi ba mi zai rage ni da shi, mutumin da ba ji yake ba. Na ce saboda ba ya ji ɗin ne ya kira ni, in da mai lallashi yake nema gidan cike yake da su. Ta dube ni, ta koma ciki. Na ji ba daɗi, amma a raina na ce daidai na yi.

Yana zaune jingine da bango, an sa mashi matashi biyu. Jitar ta yi mashi girma. Ƙafar ba ta iya danna makunni, sai ni na cire takalmi na taka mashi, ƙarfen ya ƙona mani tafin ƙafa. Ya ja tsirkiya. Na rufe ido na ba shi kunnena duka, Allah ya sani ina so ya yi. Sautin ya ɗauko da kauri kamar zai tafi, sai ya shaƙe, ya tsittsinke, ya mutu. Na ce ya sake. Sau huɗu muna yi.

"Ya yi?"

Ramla na tsaye bakin ƙofar ciki, ina jin idonta a ƙeyata.

"Bai yi ba, Malam. Amma ya fi na baya kusa."

Ban sani ba ko ya karanta rabin na biyu a bakina. Ya ɗauki biro ya fara rubutu jikin takardar, hannun ya ƙi, ya mayar da biron aljihu. Ya ce ba komi, ya san inda kuskuren yake, bari ya samu ƙarfi. Ya yi mani godiya kamar kullum, ya ce in gaida gida.

Ranar Asabar da hantsi Malam Sammani ya cika, a ƙarƙashin rumfar nan. Lungu ba kowa, duk an tafi shagunan da ke da talabijin ana kallon rantsuwa. Ni ma ina wurin mai shayi na bakin titi, ban je kasuwa ba don ranar ba ciniki, sai ga matata ta leƙo da mayafi a karkace tana yafuto ni. Aka bi shago-shago aka tattaro mutane. Ni na zuba ruwa liman ya yi mashi wanka, a yatsunshi duk tabon ƙuna ne ƙanana, wasu sun warke wasu ba su warke ba. Kafin azahar mun rufe shi. A hanyar dawowa daga maƙabarta mutane na ta maganar wa za a ba kwamishina, ƙasa-ƙasa, saboda kara.

Washegarin sadakar bakwai aka yi ruwan farko mai ƙarfi, tun asuba har gari ya waye. Hanyar kasuwa ta jagwalgwale, na zauna gida. Wajen ƙarfe takwas Ɗanliti ya yi sallama, ya ce Furera ta aika mashi ya zo ya kwashe kayan marigayi, ba ta son ganinsu, in raka shi don bai saba da gidan ba. Muka zauna a zaure. Ramla ta riƙa fito da su ɗai-ɗai daga ciki. Daga ƙarshe ta dire wani kwali cike da gwangwanaye, ta ɗora na sha biyu a sama, da ɗan danshin yashi a gindinshi.

Ɗanliti mai gyara ne, ba ya ɗaukar abu bai gwada ba. Ya haɗa wayoyin, ya rage murya saboda gidan makoki ne, ya danna makunni da hannu. Bai iya jita ba, riƙon faranti ya yi mata, ya ja tsirkiya guda da babban yatsa.

Muryar ta fito da kauri, santsi gare ta, ba tsaga ko ɗaya. Irin amsar da babbar randa ke yi in ta gasu har ciki, sai dai ita randa tana yin shiru. Wannan ta miƙe. Na sami kaina ina ƙirgawa, na wuce goma, na wuce sha biyar. Na riƙe numfashi ban sani ba, har ya ƙare mani na saki, tana nan tana tafiya, siririya, kafin ta sauka a hankali.

Ɗanliti ya ce ikon Allah. 

"Haka yake yi kullum da safe."

Furera ce, daga bayan labulen ƙofar ciki. Tana takaba, ba mu ganinta, sai yatsun ƙafarta a ƙasan labule. Na gaishe ta, na ƙara yi mata gaisuwar rashi, ta amsa. Sannan na tambaye ta tun yaushe.

Ta ce tun wajen na biyar ko na shida, ba ta riƙe ba. In ya gama liƙi yakan aje shi nan gindin randa ya ja sau ɗaya ko biyu, hannunshi bisa lasifika, ita tana wanke-wanke tana ji. Da la'asar kuwa tana Islamiyya, ba ta taɓa jin abin da muke ji ba. Ranar Alhamis ɗin nan ma da safe ya yi, har ta tsaya da tsintsiya a hannu.

"Ba ki faɗa mashi ba?"

"Na faɗa, Malam Gwadabe. Ya fi sau nawa. Sai ya ce ni ko tari ya yi cewa zan yi da daɗi. Ya ce kai ne ba ka ƙarya."

Ba da faɗa ta faɗe shi ba. Yatsun suka janye daga ƙasan labule, na ji takunta ta koma ciki.

Ɗanliti ya dafa gwangwanin da bayan hannu, ya ce sanyi ƙalau. Sannan ya dafe kai ya ce shi ne bai yi tunani ba. Waɗannan tsofaffin tiransista ba su jure zafi. Rediyoyin da aka ciro su, in aka bar su a rana tsaka shaƙewa suke, sai an kai su inuwa sun huce su dawo. Ya san haka tun yana yaron shago, amma bai taɓa zuwa ya ga inda ake gwajin ba. Ya ɗaga kai ya dubi kwanon rufi, ya dubi bakin ƙofa inda rana ke sauka.

Ni ban yarda da magana sai na ji. Na ce ya bar komi yadda yake. Hadari ya washe wajen azahar, rana ta fito da ƙarfinta, muka dawo bayan la'asar. Ya danna, ya ja. Lasifika ta yi gurnani, ta yi tari biyu, ta mutu, muryar da na sani sarai.

Na jawo kwalin na fiddo su ɗai-ɗai. Duk fanko ne, Malam Sammani ya kwashe cikinsu, sai ramukan ƙusa da ɗigon dalma. Kowane da takardarshi da kwanan wata, da rubutunshi na ma'aikacin ofis, a tsaye tsaf. Daga na huɗu har na sha ɗaya magana ɗaya ce: Gwadabe ya ce bai yi ba. Ban san guda nawa daga ciki suka yi ba, kuma ba mai iya sani yanzu. Ban yi mashi ƙarya ko sau ɗaya ba, abin da na ji shi na faɗa. Amma ban taɓa tambayar kaina ba mi ya sa mutum ke ɗaukar abu da bakin riga, ni da ko tulu ba na ƙwanƙwasawa in ya sha rana. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, kuma har yau ba ta gama sakina ba.

Ɗanliti ya tafi da jita da lasifika da batir a bayan mashin. Na aika Ramla ta roƙar mani na sha biyu wurin mahaifiyarta. Ta daɗe a ciki, ta fito ta miƙo mani shi hannu biyu, ta ce an ce in riƙe. A takardarshi rubutun ya karkace, kwanan wata ne da kalma uku, Gwadabe ya ce, daga nan sai wani ɗan jan layi inda biron ya zame.

Ba ni da jita, ba ni da lasifika, ba abin da zan yi da shi. Yana nan gidana, bisa yashin da ke gindin randa. Jiya da safe na zo ɗibar ruwan alwala na ga randar na tsattsafo mashi, gefen takardar ya fara jiƙa. Na tsuguna na ɗan matsar da shi, ba nisa ba, inda sanyin ke kaiwa.